Dalilin da Ippo yake dambe, da fushin masoyansa tun da ya ajiye shi

A ƙarshen shekarar 2017 marubucin Japan George Morikawa ya yi abin da akasarin masu bin labarinsa ba su zata ba, domin ya sa Makunouchi Ippo, jarumin littafinsa na zane kan dambe mai suna Hajime no Ippo, ya sha kashi a hannun wani ɗan damben Filifin mai suna Antonio Guevara, sannan bayan 'yan makonni ya sa shi ya yi ritaya gaba ɗaya. Tun daga lokacin an shafe fiye da shekara bakwai jarumin labarin dambe bai shiga fage da sunan ɗan wasa ba, kuma ce-ce-ku-cen da hakan ya haifar tsakanin masoya bai lafa ba. Wanda ya tsaya a kan anime, wato fim ɗin zane na labarin, kawai bai iso wannan wuri ba, saboda kashi na farko da kamfanin Madhouse ya fitar daga 2000 zuwa 2002, da na biyu New Challenger na 2009, da na uku Rising wanda ya ƙare a 2014, duk sun bar Ippo ne yana riƙe da kambun Japan yana kare shi. Sai dai da wuya mutum ya gama Rising bai nemi littafin zanen ba, kuma a can ne ake cin karo da abin da zan yi magana a kai, don haka wanda ba ya son a bayyana masa abin da ke gaba gara ya dakata a nan.

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin masoya shi ne cewa an yaudare su. Labari ne da ya fara fitowa a mujallar Weekly Shonen Magazine tun 1989, mutane sun girma tare da shi, wasu sun fara karanta shi suna 'yan makaranta ga shi yanzu suna da 'ya'ya, kuma duk tsawon wannan lokaci abin da aka nuna musu a gaba shi ne karawa biyu: ta Ippo da babban abokin hamayyarsa Miyata Ichiro, da ta Ippo da zakaran duniya Ricardo Martinez na Meziko. Ba a ba su ko ɗaya ba. A maimakon haka an ba su jarumin da ya faɗi sau biyu a jere, ya koma taya mahaifiyarsa aikin jirgin kamun kifi, yana riƙe wa wasu bokiti da tawul a kusurwar fage. Na fahimci wannan fushi, kuma akwai ɓangarensa da nake ganin gaskiya ne. Amma babban abin da suke zargin marubucin da shi, wato cewa ya lalata halin Ippo ya mayar da shi mutum marar buri, shi ne abin da ban yarda da shi ba, domin Ippo bai taɓa samun burin da yake nasa na kansa ba tun daga babi na farko, kuma marubucin ya daɗe yana nuna mana haka ƙarara.

A tuna yadda ya shigo dambe. Yaro ne ɗan sakandare wanda mahaifinsa ya rasu a teku, ba shi da abokai saboda da an tashi daga makaranta sai ya garzaya gida aiki, kuma Umezawa da 'yan korensa suna tare shi a ƙarƙashin gada su lakaɗa masa duka suna yi masa gorin ƙarnin kifi. Wani ɗan dambe mai suna Takamura Mamoru ya zo wucewa yana gudun motsa jiki ya kore su, ya ɗauke shi zuwa gidan horon Kamogawa, ya manna zanen fuskar Umezawa a jikin buhun naushi ya ce ya huce a kansa. Naushin da Ippo ya kai ya girgiza buhun har fatar bayan hannunsa ta saluɓe. Da ya ce yana son zama ɗan dambe, Takamura ya girgiza bishiya ya cafke ganyen da ke zubowa, ya ce in har ya iya cafke guda goma cikin mako ɗaya zai karɓe shi, sai yaron ya dawo ya cafke goman da hannun hagu kaɗai, bai ma san Takamura da hannu biyu ya yi nasa ba. Duk wanda ya kalli wannan wuri ya san cewa akwai baiwa da naci a jikin yaron. To amma me yake nema? Bai ce yana son kuɗi ba, bai ce kambu ba, bai ma ce ramuwa ba, tunda daga baya Umezawa ya zama babban amininsa. Tambaya ce kawai ya zo da ita, yana son ya san me ake nufi da ƙarfi, kuma yaya mai ƙarfi yake ji a ransa.

Tambaya ce mai kyau ga yaro mai shekara goma sha shida da aka saba takawa. Amma idan aka ajiye ta kusa da abin da ke tura sauran mutanen labarin, za a ga bambanci. Miyata yana dambe ne don ya tabbatar wa duniya cewa salon mahaifinsa, wanda aka karya wa muƙamuƙi aka raba shi da fage, ba salon banza ba ne. Mashiba Ryo maraya ne da ke ciyar da ƙanwarsa Kumi, kuma yana kallon duk abokin karawa a matsayin mai son ƙwace musu abinci, shi ya sa bai ji kunyar taka ƙafar Miyata ba a wasan kusa da na ƙarshe na gasar sababbin 'yan dambe. Volg Zangief ya baro Rasha ne saboda mahaifiyarsa marar lafiya. Takamura ya ɗaura aniyar cin kambun duniya a aji shida na nauyi, yana azabtar da jikinsa da yunwa da ƙishirwa don ya sauko zuwa nauyin da ba nasa ba. Date Eiji kuwa ya dawo daga ritaya ne domin ya sake fuskantar Ricardo, mutumin da ya karya shi a Meziko, ya dawo wa kansa da matarsa da lokacin da ya tsaya musu cak tun daga ranar. Kowannensu idan aka tashe shi da tsakar dare aka tambaye shi dalilin da ya sa yake yarda a doke shi a ka, zai ba da amsa nan take.

Date ne ya fara faɗa wa Ippo gaskiya, kuma wannan yana cikin kashi na farko na anime, ba wani abu ba ne da aka ƙirƙiro daga baya. Bayan ya tsayar da shi da naushin nan da yake kaiwa saitin zuciya, ya ba shi faɗuwarsa ta farko, abin da ya fito daga wannan karawa shi ne cewa naushin Ippo, duk da yana iya karya haƙarƙari, ba shi da nauyi, domin babu abin da yake ɗauke da shi. Masoya da yawa sun ɗauki wannan a matsayin darasin da Ippo ya koya ya wuce, tunda ya ƙirƙiro Dempsey Roll, salon nan na kaɗa jiki hagu da dama da aka sa wa sunan tsohon ɗan damben Amurka Jack Dempsey, ya kuma doke Sendo Takeshi na Osaka ya karɓi kambun Japan. Ni a ganina bai taɓa wuce darasin ba. Abin da ya samu sabon makami ne, ba sabon dalili ba.

Abin da ya rufe wannan giɓi shekara da shekaru shi ne Miyata. Muddin akwai alkawarin haɗuwa da shi a fage, Ippo yana da inda ya dosa, mu ma masu kallo muna da abin jira. Shi ya sa ranar da Miyata ya durƙusa ya sa goshinsa a ƙasa yana roƙon a soke karawar, saboda Randy Boy Junior ya bayyana, ɗan mutumin da ya kawo ƙarshen damben mahaifinsa, masoya suka yi ca a karo na farko, kuma har yau akwai masu cewa daga nan labarin ya fara ɓaci. Ina ganin wannan wuri yana cikin mafi gaskiya a duk labarin. Miyata ya zaɓi dalilinsa na asali a kan alkawarin da ya yi wa aboki, domin shi yana da dalilin da ya girmi Ippo. Ippo kuwa da aka janye masa Miyata sai ya rasa abin tsayawa, har ya kusa barin dambe a lokacin. Da ya dawo sai ya jingina da wani kuma, wato kocinsa Kamogawa Genji, ya ce zai nuna wa duniya cewa damben tsohon zai iya kaiwa ko'ina. A damben gargajiya na ƙasar Hausa kowane shahararren ɗan dambe yana da takensa da makaɗa ke buga masa, wanda da ya ji shi tsigar jikinsa za ta tashi ya fito fage. Ippo ya yi shekaru yana fitowa da taken wasu, na Miyata da farko, sannan na Kamogawa.

Da wannan dalili na aro ya doke zakarun Tailan da Filifin da Indunisiya, yana shan duka mai yawa a kowace karawa kafin ya samu sa'ar naushi ɗaya ko biyu. Masoya a lokacin ma sun yi ƙorafi, suna cewa marubucin ya ƙure wa kansa dabara, kullum Ippo sai ya tare naushi da fuska sannan ya ci da ƙarfin hali, musamman a karawarsa da Wally na Indunisiya wadda mutane da yawa suka ce bai cancanci nasara ba. Abin lura shi ne cewa waɗannan masu ƙorafi sun hango abin da ke zuwa ba tare da sun sani ba. Marubucin yana tara wa Ippo bashin duka ne, kuma da ya haɗa shi da Alfredo Gonzales, mutumin da ya taso a cikin talaucin Meziko, ya faɗi sau biyu a hannun Ricardo amma bai daina farautarsa ba, sai bashin ya zo biya. Bayan wannan faɗuwa ce Takamura ya ja layi a ƙasa ya gaya masa cewa abin da ke bayan layin wurin dodanni ne, kada ya tsallaka in dai yana son ya ci gaba da zama mutum. Ippo bai tsallaka ba. A karawarsa da Guevara ma ba nasara ya shiga nema ba, ya riga ya fara zargin cewa kansa ya taɓu, burinsa kawai ya nuna wa kocinsa sabon Dempsey Roll ko sau ɗaya kafin komai ya ƙare. Ya bar fage da karawa 26, ya ci 23 duk da bugun kwaf ɗaya, ya faɗi 3.

A nan ne nake rabuwa da masoyan da suka fi ɗaga murya, kuma maganar Kumi, ƙanwar Mashiba wadda Ippo ke so, ce ta fi damuna. Da wuya a samu wani a cikin labarin da ake zagi kamar ita. Ana kiranta mai son kai, ana cewa ita ce ta danne Ippo, ita ce katangar da ta hana shi komawa, har wasu suna fatan marubucin ya kawar da ita. Amma a duba matsayinta da idon basira. Ma'aikaciyar jinya ce, iyayenta sun rasu, yayanta ɗan dambe ne, saurayin da take so ɗan dambe ne, kuma ta ga yadda ake kawo su asibiti fuska a kumbure ba sa gane inda suke. Ta ga Ippo yana mantuwa, an ga ya kasa ja layi miƙaƙƙe a takarda. Wace mace ce mai hankali za ta ga haka ta ce ya koma a ci gaba da dukansa a ka? Gaskiya ne marubucin yakan zana ta da fuska mai ban tsoro don ya ba da dariya, kuma wannan ya taimaka wajen sa mutane su tsane ta, wanda laifinsa ne ba nata ba. Amma abin da take faɗa shi ne abin da likita zai faɗa, kuma labarin da kansa ya gaskata ta lokacin da yayanta ya fita daga karawar neman kambun duniya da Marcus Rosario aka wuce da shi asibiti a sume.

Cutar da ake tsoron Ippo yana da ita ba ƙirƙirar labari ba ce. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan dambe ke tangaɗi da rawar hannu da mantuwa kamar waɗanda suka bugu, kuma har yanzu ba a iya tabbatar da wannan lalacewar ƙwaƙwalwa sai an duba ta bayan mutuwa. Wannan ne ya sa gardamar da masoya ke yi, cewa ai likita bai ce Ippo ya kamu ba don haka lafiyarsa ƙalau, ba ta da ƙarfi kamar yadda suke zato. Masu kallon anime ma an nuna musu abin tun a ƙarshen Rising, a labarin samartakar Kamogawa da abokinsa Nekota bayan yaƙin duniya na biyu, inda Nekota ya ɓoye alamun cutar ya shiga fage da sojan Amurka Ralph Anderson, aka doke shi a ƙeya, dambensa ya ƙare daga ranar. Kamogawa ya ga wannan da idonsa yana saurayi, don haka babu mamaki da bai roƙi Ippo ya zauna ba, ko da yake shi ne ɗalibin da ya fi sanya wa rai. Morikawa kansa yana da gidan horon dambe a Tokyo mai suna JB Sports, ya kuma tsaya a kusurwar 'yan damben gaske, saboda haka ya san abin da yake rubutawa. A watan Agustan 2025 'yan dambe biyu na Japan, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, dukansu masu shekara 28, sun rasu sakamakon raunin ƙwaƙwalwa da suka samu a wasanni daban-daban na dare ɗaya a zauren Korakuen, wato zauren da Ippo ya yi akasarin karawarsa a cikin labarin. Bayan wannan ba na iya karanta kiraye-kirayen a mayar da Ippo fage da irin sauƙin da nake karanta su a da.

Masoyan labaran dambe a Japan sun daɗe da ɗaukar waɗannan mutane na takarda kamar masu rai. A watan Maris na 1970, bayan Rikiishi Toru na Ashita no Joe, wani tsohon littafin zane kan dambe, ya mutu a cikin labari sakamakon rage nauyi mai tsanani da dukan da ya sha, ɗaruruwan mutane sun taru a ginin kamfanin Kodansha mai buga labarin aka yi masa zaman makoki na gaske. Na kawo wannan ne domin in nuna cewa zafin da masoyan Ippo ke ji ba abin raini ba ne, ƙauna ce ta sa shi. Abin da nake tambaya kawai shi ne ko ƙaunar ta Ippo ce, ko ta abin da Ippo ke sa mu ji idan ya tashi daga faɗuwa jini na zuba, alƙalin wasa ya kai ƙirga takwas.

Duk da haka akwai inda masu fushi suke da gaskiya, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. Morikawa yana jan ƙafa fiye da kima, kuma yana son ya ci riba biyu a lokaci ɗaya. Da ya bar Ippo ya yi ritaya ta gaskiya, ya zama mai horarwa, ya gano cewa amsar tambayarsa tana wajen fage, da na ce ya yi jarumtar da marubuta kaɗan ke iya yi. Amma bai bar shi ba. Ippo yana nan yana yawo da ƙarafa masu nauyi ɗaure a wuyan hannu da na ƙafa, yana gudu kullum, kuma duk lokacin da aka sa shi gwajin dambe da wani babba, kamar Volg ko Mashiba, sai a nuna ya fi da ƙwarewa nesa ba kusa ba, ya iya kauce wa naushi, ya iya karanta abokin karawa, abubuwan da ya koya daga tsayawa a kusurwa yana kallo. Kowane ɗan lokaci sai wani ya dube shi ya ce wannan ai ba jikin mai ritaya ba ne. Wannan alkawari ne a fili cewa zai dawo, kuma idan marubuci ya yi alkawari ya riƙe shi shekara bakwai yana cika tsakani da babukan barkwanci na Aoki da Kimura, abokan horon Ippo, bai kamata ya yi mamaki ba idan masu karatu suka gaji. Akwai kuma tsoron da mutane ke faɗa a hankali, cewa an haifi marubucin a 1966, littafin ya haura juzu'i 140, kuma ba wanda ke da tabbacin za a kai ƙarshe da irin wannan tafiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin hanyoyin da masoya ke hasashen za su dawo da shi. Wasu sun ce sai Kamogawa ya mutu, Ippo ya koma don cika burin tsohon. Wasu sun ce sai idon Takamura, wanda aka daɗe ana zargin ya samu matsala tun karawarsa da Bryan Hawk, ya mutu gaba ɗaya, Ippo ya gaji nauyin da ya ɗauka. Wasu sun sa rai raunin Mashiba ne zai tunzura shi, wasu kuma suna jiran Miyata ya kira shi. Duk waɗannan hasashe abu ɗaya suke yi, suna nema wa Ippo wani sabon mutum da zai yi dambe dominsa, wato suna so a mayar da shi daidai inda ya faɗi. Idan mutuwar koci ce ta dawo da shi, to dalilin nasa na aro ne har yanzu, kuma duk abin da Date ya faɗa, da layin da Takamura ya ja, da shekarun nan na ritaya, sun tashi a banza.

Dawowar da zan karɓa ita ce wadda Ippo zai buɗe baki ya ce yana so, shi da kansa, ba don koci ba, ba don Miyata ba, yana sane da abin da zai iya faruwa da ƙwaƙwalwarsa, kuma ya faɗi haka a gaban mahaifiyarsa wadda ba ta zuwa kallon wasanninsa domin ba ta iya ganin ana dukan ɗanta, da gaban Kumi, ba tare da labarin ya mayar da su miyagu don sun ƙi ba. Wannan son kai ne, kuma yaron da aka rene shi a kan ba da haƙuri da sunkuyar da kai bai taɓa yin son kai ba ko sau ɗaya, shi ya sa nake ganin abin da Takamura yake nufi da zama dodo ke nan, ba mugunta ko taurin zuciya ba. Mahaifiyar ta riga ta rasa miji a teku, Ippo ne kaɗai ya rage mata, kuma idan marubucin ya tsallake wannan zance tsakaninsu ya kai shi fage ta wata gajeriyar hanya, zan shiga sahun masu cewa an ɓata mana lokaci, ko da kuwa karawar da Ricardo ta yi kyau.